Kwalaben Ƙanena a Ɗakin Inna

Ƙanena ya yi karatun duwatsu har sanƙo ya kama shi, amma in ka ce ya nuna maka abin da ya tara, ba za ka ga dutsen da zai fasa gyaɗa ba. Kwalabe zai fito maka da su, irin ƙananan nan na allura da ake zubarwa a kemis, kowace da ɗan gari a gindinta wanda ko kaza ba za ta sunkuya dominsa ba. Wai gawarwakin ƙananan halittun ruwa ne da suka koma dutse tun zamanin da teku ke kwance a ƙasar Sakkwato. Na taɓa leƙawa ta madubinsa mai ƙara girman abu, na ga ƙwayar da ido bai gani ta zama katantanwa guda har da zane a bayanta. Daga ranar na daina yarda da garin tuwo.

Kowace kwalba da 'yar takarda manne a jikinta, an rubuta ramin da aka ɗebo ta da zurfin wurin. Ya sha gaya mini cewa in ƙwaya ta rabu da takardarta, ta koma ƙasa kawai. Da su zai rubuta aikin babban digirinsa, kuma shekaru ya kwashe yana tsince su ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen bakin burushi, yana riƙe numfashi.

Wata damina ɗakin da yake haya a Tsafe, inda yake koyarwa, ya fara yoyo. Ya zubo kwalaben a kwalaye ya rungumo su a mota zuwa Gusau, inda nake zaune, yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali kamar mai naƙuda ya ɗauko. Gidana bai yi masa ba, don 'ya'yana ko kwalta ka ajiye sai sun ɗanɗana. Sai muka wuce Bungudu wurin Inna, mahaifiyarmu, mai ɗakin da ko ɗigo bai taɓa shiga ba. Ya tura kwalayen ƙarƙashin gado, ya yi mata dogon bayani rabi da Turanci. Ta yi ta gyaɗa kai yadda take yi wa rediyo.

To, Inna mace ce da ba ta iya ganin mazubi yana zaman banza. Ragowar gishiri, ragowar kanwa, ragowar kuka, duk sai ta haɗe kowanne wuri guda ta wanke robar ta ba ta sabon aiki.

Bayan kaka muka koma ɗauka. Tun daga zaure na ga kwalba a hannun maƙwabciya da kwalli a ciki. A tagar Inna kuwa ga su nan jere, wankakku fes, babu takarda ko ɗaya: wannan irin alayyafo, wannan man zafi, wannan turare.

Ƙanena ya ce, "Inna, ina abin da ke ciki?"

Ta janyo gwangwanayen madara biyu. "Ga shi nan. Fari da fari, ja da ja. Ko ƙwara ban zubar ba. Kwalabe sunka cika min ɗaki, kowace da abin da bai kai lasa ba. Wanga ai ɓarna ce."

Ya zauna a ƙasa, ba tabarma.

"Har tankaɗe na yi ma," ta ƙara. "Duk tsakuwa ce ciki."

"Tsakuwar fa?"

"Na watsa ma kaji."

Na leƙa tsakar gida. Zakaran Inna na tsaye bisa turmi da tarihin teku a cikinsa, yana kallonmu kamar shi ne mai digirin. Na ce, "Malam, ko a yanka maka shi ka duba ƙundunsa?"

Bai yi dariya ba. Rarrafawa ya yi ƙarƙashin gado, ƙafafu a waje, muka ji shi yana ta hamdala can ciki. Kwalin da ke ƙurya bai taɓu ba.

Inna ta ce, "Wancan, ciwon bayana ne ya hana, da tuni na gama ma."

Ban taɓa ganin ɗa ya gode wa Allah a kan ciwon bayan uwarsa ba sai ranar. Da ragowar kwalin nan ya rubuta aikin, bayan ya rage masa faɗi, malamansa kuma suka ƙara masa lokaci. Sauran ramukan sai da ya koma ya sake tonowa, wasu ma ya tarar an shuka gero a kansu.

A ranar dai, da za mu tafi, ya hau babur da kwalin a ƙirji, ya ɗaure shi da rawani kamar goyo. Inna ta biyo mu har bakin zaure da ƙullin daddawa.

"In ka gama karatun," ta ce, "ka maido min kwalaben. Na yi ma mutane alkawari."