Rantsuwar da maigidana ya yi a kan magariba

Ko na manta komai na zamanmu a garin Sterling, can ƙasar waje, ba zan manta yammacin da ɗana na fari ya shigo gida bayan magariba ba. Shekararsa goma sha uku a lokacin. Babansa yana tuƙa tasi a filin jirgi, ni kuma ina gida da ƙannensa biyu, da tsoron da ba ya barina hutawa. In na ji jiniya a titi sai na leƙa taga. In yaron ya yi tari sai na hana kaina barci.

Doka ɗaya muka kafa masa, wadda aka kafa mana a Katsina muna yara: duk inda kake, magariba ta same ka a gida. Sau biyu ya karya ta a farkon zangon karatu. Ran farko ya ce bas ce ta wuce shi, ran na biyu ya ce littafi ya je karɓowa wurin abokinsa. Daga baya wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ta ce ai ta gan shi a filin ƙwallo. Babansa ya fusata, ya ce, "Wallahi ka sake bari magariba ta riga ka shigowa, gida za ka koma." Gida kuwa yana nufin Katsina. Na ce a raina barazana ce irin ta iyaye a nan.

Yaron ya shiryu. Yakan tsaya ƙarin darasin lissafi, ya hau bas ta ƙarshe, ya iso da sauran rana. Sai sanyi ya kama, aka mayar da agogo baya da awa guda kamar yadda suke yi duk shekara. A garinmu magariba ba ta yin nisa da inda ka bar ta. A nan kuwa, washegari kawai sai ka ga duhu ya rufe kafin a tashi daga aiki. Babu wanda ya tuna da haka a cikinmu.

Ranar da abin ya faru kuma wan maigidana ya zo daga garin Greenbelt. Suka yi salla a falo, ni ina kicin ina zuba tuwo. Suna sallamewa aka buɗe ƙofa. Yaron ya shigo da jaka a baya, hancinsa ya yi ja don sanyi, ya durƙusa ya gaida Baffansa.

"Yau kuma wace ƙarya ka ɗauko?" in ji babansa.

Ya amsa da Turanci kamar yadda ya saba, ya ce bas ɗin da yake hawa kullum ya hau, lokacin da yake isowa kullum ya iso, ranar ce ta faɗi da wuri.

Baffan ya yi dariya. "Ikon Allah. Da bas ce, yau kuma rana ce mai laifi. Gobe sai ka ce wata."

"Ni agogo na ce maka ko magariba?" Babansa ya juya ga wansa. "Yaya, na riga na rantse. In an yi hutu zai tafi wurin Hajiya." Yana nufin mahaifiyarsu da ke Katsina.

Na duba agogon murhu, na san gaskiya yaron ya faɗa. Ya waigo ya kalle ni ta ƙofar kicin. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba na kama wa, balle in tsaya gaban wan mijina ina kare shi. Haka aka tarbiyyantar da ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kwashe tuwo.

Washegari na nemi matar liman ta tambayar mini malam ko rantsuwa irin wannan tana da mafita. Ta dawo mini da cewa tana da ita, a ciyar da miskinai goma shi ke nan, kuma in barin ta ya fi alheri, barin ya fi. Don kada in yi kuskure na sa aka sake tambaya. Da na kai wa maigidana maganar, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Na san bai yi ƙarya ba wannan karon," ya ce. "Amma a gaban Yaya na maimaita. Har ya kira Hajiya ya faɗa mata, tana ta murna."

Na ce masa, "Malam, don awa guda da ba shi ya taɓa ba?"

"Zai koyi Hausa. Ki bar maganar."

Babansa da kansa ya kai shi filin jirgi a tasinsa. Na cusa masa rigunan sanyi a akwati, sai da ya ce, "Umma, can ba a sa waɗannan." Shi ne abu na ƙarshe da ya faɗa mini kafin ya fita.

Shekara uku ya yi. Ya dawo da tsayi, da ladabi, da Hausa tsantsa. Yanzu magidanci ne, yana gaishe mu yana yi mana hidima, amma ba ya faɗa mana dalilin komai. In ka tambaye shi me ya hana shi zuwa, sai ya ce, "A yi haƙuri," shi ke nan. Babansa yakan ce yaron nan ba ya hira da shi, ni kuwa ba na tanka masa.

Da ƙannensa suka taso, lokacin agogo muka yanke musu, muka faɗa musu tun da wuri cewa wanda ya makara zai rasa fita ranar Asabar. Kuma sai an ji ta bakin yaro an bincika, ko da ya taɓa yin ƙarya. Abin da na koya shi ne, hukuncin da za ka furta wa ɗanka ya zama daidai girman laifinsa, kada ka ɗaure shi da rantsuwa cikin fushi, domin ranar da za a cika shi wataƙila ranar ce yaron yake da gaskiya.