An miƙa wa Yaya Bala waya ya ɗauki hoto

Jiya ana tashi daga wasan ƙarshe na kofin unguwanni a filinmu na Tudun Wada, sai ga wani Alhaji da babbar riga ya kutsa tsakiyar 'yan wasa ya rungume kofin. Ko rabin wasan bai gani ba.

Ya waiga ya hango maƙwabcinmu Yaya Bala a gefe da rigar atisaye, ya miƙa masa waya: "Kai, zo ka ɗauke mu hoto."

Yaya Bala fa! Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaron raga a manyan ƙungiyoyi har yatsunsa suka karkace. Yanzu shi ne mataimakin koci, kuma golan da ya kaɗe fenareti ya kawo mana kofin nan, a hannunsa ya koyi komai.

Na ce, "Alhaji, ka san wanda ka aika kuwa?"

Ya ce, "Ba mai kwashe musu ƙwallaye ba ne?"

Wallahi raina ya ɓaci. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne babban koci, yana tsaye cikin sahu yana ta murmushi abinsa. Yaya Bala ya karɓi wayar, ya ja da baya, ya ce su matso kowa ya fito.

Kowa kuwa ya fito ras, har direban Alhaji. Ku da kuke ta yaɗa hoton tun safe, don Allah ku gaya min, akwai wanda ya lura babu Yaya Bala a ciki?