Sunan da Na Goge a Rajista

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara taruwa aka tura ni koyarwa wata firamare a Maradun. Fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai, ina ji da kaina, ga zuciya a kusa. Hedimastan kuwa shi ya koyar da ni a aji uku a Talata Mafara, dattijo mai sanyin magana. Har na yi gemu bai daina ce mini "ɗana" ba.

A zamanin, sunan yaro a makaranta da na garinsu ake haɗawa. A ajina akwai yara takwas 'yan wani ƙauye da aka tasa, ruwa ya shanye shi. Da na zo kwafe rajistar sabuwar shekara sai iyayina ya motsa. Na ce garin da babu shi, me yake yi a takarda? Na goge, na sa musu sunan sabon matsuguninsu.

Da na kira suna, bakwai suka amsa. Wata 'yar ficiciyar yarinya a bencin gaba ta ƙi. Na kira sau uku, ta zuba mini ido. Na buga tebur. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Na ce to, wanda bai amsa ba bai zo ba, na rubuta mata fashi. Haka muka yi ta yi kullum. Na rantse in ta kai Juma'a sai na cire ta daga ajin, kuma wallahi da na cire.

Ranar Alhamis Hedimasta ya shigo ya zauna a bencin baya yadda ya saba, gwiwoyinsa kusan a haɓa. Komai a gabansa aka yi. Sai da yara suka fita hutun tara ya kira ni gindin darbejiya.

"Ɗana, ka san inda uwar yarinyar nan take?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Tana maƙabartar garin da ka goge. Ruwa ya ci gidansu, ya ci gonarsu, ya rufe kabarin. Abin da ya rage mata ke nan, ta ji sunan garin a bakinka kowace safiya."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ya dafa kafaɗata ya wuce ofis. Na tsufa a aikin nan, na horar da malamai da yawa, amma har gobe ina jin nauyin hannun nan. Allah ya jiƙansa.

Washegari na kira ta da sunan tsohon garinsu. Ta miƙe ta amsa da wata 'yar siririyar murya. Kafin in kira na gaba, sai ga sauran bakwai ɗin sun miƙe tsaye. Babbansu ya ce, "Malam, mu ma."