Dakan Suna Ya So Ya Ruɗe Ni

Abin da na ɗora a kan tafiyar nan ba shi da wuyar lissafi: injin niƙa guda ɗaya, wanda na sayar da albasar rani ɗungurungum na saya, da wuni guda na zaɓar inda zan girke shi a Birnin Kebbi. In na dasa shi inda babu masu niƙa, albasa ta tafi, inji ya zama wurin shanyar tufafi.

Muna sallame sallar asuba muka bar Argungu, ni da bakaniken da zai haɗa mini injin. A-kori-kura muka samu, mu a gaba, kwandunan busasshen kifi a baya, don haka ko da muka sauka ƙudajen tasha sun ɗauke mu dangi. Hanya ba laifi, sai inda ruwan bara ya cinye gefen kwalta. A fadama kuwa mutane sun duƙufa gyaran gonakin shinkafa.

Wani dillali ya tarye mu a tashar Birnin Kebbi, ya ce ya samo mini shago a unguwar Nasarawa, mu hau kabu-kabu. Na ce a'a, da ƙafa za mu shiga. Mai neman wurin inji da kunne yake ciniki: unguwar da turmi ke kuka, nan masu niƙa suke. A kan babur ba ka jin komai sai babur.

Bakin titi Nasarawa kasuwa ce: teloli, masu faci, Inyamurai masu kayan gyaran mota. Kana kutsawa ciki sai gidajen siminti na ma'aikata, waɗanda takardar sauyin wurin aiki ɗaya kan kwashe su da iyalinsu. Bayansu kuma gidajen ƙasa masu zaure, da inuwar dogon yaro, da awaki kwance tsakiyar hanya kamar su suka saye ta. Muka karya da masa. Kuɗinta ɗaya da ta Argungu, amma ta nan sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an zo.

Muna shan wata kwana na ji shi. Daka, ba na wasa ba, lugude har da tafi, turame sun fi a ƙirga da kunne. Dillali ya washe baki ya nuna mini shagon, ga shi nan daf da lungun da ake dakan. Wallahi na miƙa hannu rabi don mu ƙulla magana. Ƙishirwa ce ta cece ni. Na ce bari mu jiƙa maƙoshi wurin wata tsohuwa mai fura a bakin zaure.

"Inna, kullum haka matan unguwar ga ka daka?"

"Wane kullum, ɗana? Haihuwa anka yi gidan malamin makaranta, gobe suna. Tuwon suna ba a kai shi inji, dangi ka taruwa su daka, ko don gari shi ji. Ka dawo jibi, ko tari ba ka ji. Ga injin Bayarabe can bayan masallaci, ya girmi aurena na biyu."

Dillali ya kama duban takalminsa. Ya ce, "Alhaji, ni ma yau na sani." Na ce Allah ya ƙara mana sani baki ɗaya.

Muka je na gaida Bayaraben, dattijo mai fara'a, Hausarsa ta fi tawa santsi. Kwanuka sun yi layi a gabansa. Abin da na lura, yawancin masu jira ƙafafunsu sun yi futu-futu, alamar ba daga maƙwabta suka fito ba. Na tambayi wani mai buhun gero a keke, ya ce daga Gwadangaji, can ba su da inji ko ɗaya. Bayaraben ya yi dariya ya ce, "Alhaji, in ka ɗauke mini su ka yi mini gata. Inji ya tsufa, mai inji ya tsufa."

Da aka gama niƙa masa, sai muka bi mai keken, yana turawa muna biye. Gidaje suka riƙa raguwa, ga tubala an jera ana shirin gini, ga gona ta shigo tsakanin katangu. Rana ta buɗe, bakanike na ta mitar cewa gyaran inji ya koya, ba fatauci ba. A Gwadangaji babu lugude, sai turmi ɗaya nan, ɗaya can, dakan gajiya irin na kullum. Wannan shi ne sautin da na fito nema. Mai unguwa ya ji abin da ke tafe da mu, ya nuna mini fili kusa da rijiya, ya sa aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ce kada inji ya kwana biyu bai iso ba.

Mun shigo Argungu ana kiran magariba. Hasara: maɗaurin takalmi ɗaya, da gaisuwar dillali, wadda na san ta tafi ke nan. Riba: albasata ba ta faɗa rijiya ba, gefenta za ta zauna. Kunne ya kai ni lungu, amma ƙwaryar fura ce ta gaya mini ko wace rana ce.