Mai Barin Layinta

Matso, yau na zo da sirrin da ko mijina bai ji ba. Amma tsaya in fara gaya miki yadda yarinyar da na gani take.

Doguwa ce siririya, kamar ka hure ta ta faɗi. Tana zaune a bencin asibiti, a layin rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda ake ɗaukar ƙwayar cutarta ta wurin saduwa. Tana naɗe hannun riga tana warwarewa, har rigar ta gaji. Layi na zuwa kanta sai ta ce wa ta baya, "Wuce, 'yar'uwa." Rabin gari ya wuce ta.

Ni hawan jini ya kawo ni, amma kunnena ya tare a wayarta.

"Yaya, ciwon nan fa shi ya tafi da Mama," take raɗawa. "Shi kuma wanda zan aura ya ce in na yi allurar, to akwai abin da nake ɓoye masa, a fasa auren."

Nas ta leƙo. "Saura ke, ƙanwata."

Ba ta tashi ba. Ta juyo, idonta jajir, ta tarar da wuyana ya kusa hawa kafaɗarta.

"Anti, tunda kin ji komai, faɗa min. In shiga?"

Bakin nan nawa da ba ya rufuwa, wallahi sai ga shi a rufe.