Agogunan da ba sa nuna lokaci

Shekarun baya, lokacin ina gyaran agogo da rediyo a zauren gidanmu a Kafin Maiyaƙi, wani mutum ya zo da hantsi ya ajiye babur ɗinsa can nesa, kamar ba wurina ya zo ba. Sai da ya ga babu kowa sannan ya matso ya nuna min hoto a waya. Wasu agoguna ne baƙaƙe, amma babu mai nuna lokaci a cikinsu. Wani lambobinsa sun tsaya a tara, wani hannu ɗaya gare shi.

"Irinsu nake so, Malam. Ba sai sun yi aiki ba, hannun dai ya riƙa motsi in an murɗa ta baya."

Na ce na mene ne? Ya kalli ƙofa ya ce aiki ne kawai.

Ni kuwa ciwona ke nan, in na ga aikin da ban taɓa yi ba sai hannuna ya kama ƙaiƙayi. Na karɓa. Na yanka gwangwanaye na shafe su da baƙin fenti, na zana lambobin da tsinke, na ciro gilasai daga matattun agogunan bango. Sun yi kyau, har ni kaina na yaba wa kaina.

Amma mutumin bai kwanta min ba. Ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, bai taɓa faɗin garinsu ba, sai dai ya ce wajen Doguwa. A lokacin kuwa kullum da labarin 'yan bindiga da ake kawowa daga dajin can. Da abokina tela ya gan su, sai ya ja da baya.

"Kai, ka san abin da kake haɗawa kuwa? Agogo babu lokaci, mai shi babu suna! Ranar da abu ya tashi, aikin wa za a gani a jiki? Mu gaya wa 'yan sintiri su riƙe shi."

Na san in suka riƙe shi, sai ya sha duka kafin a tambaye shi sunansa. In kuma na yi shiru, wataƙila ni za a riƙe. Da mutumin ya dawo sai na ce ba zan ba shi ba sai na je na ɗaura su da hannuna. Da ƙyar ya yarda, ya ce in hau babur. Na raɗa wa abokina cewa in la'asar ta yi bai ji ni ba, ya yi abin da ya ga dama.

Duk ramin da muka faɗa a hanyar nan sai na yi salati. Ni da na fito bincike, ni ne nake ƙanƙame da rigar wanda nake zargi.

A wani gida a gindin dutse muka tsaya. A ɗakin ciki na tarar da wani dattijo zaune gaban allon katako mai ramuka. Mutumin ya yi ƙasa da murya ya ce mahaifinsa ne. Da ƙuruciyarsa bakaniken ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsayen jan baki ne, kusa da matuƙi yake zama. Yanzu tsufa ya rikita shi, sai ya fice ya nufi titi wai jirgi na jiransa, har ya taɓa kwana a daji. Allon nan ne kaɗai yake zaunar da shi a gida, don a ganinsa gaban jirgin ne, agogunan kuma a ramukansa za a sa.

"Ba na son a ce Baba ya haukace. Don Allah ya tsaya tsakaninmu."

Na durƙusa na gaishe da mahaifin nasa. Dattijon ya ƙare min kallo sama da ƙasa.

"Wannan fa? Ban yarda da idonsa ba. A laluba aljihunsa kafin ya taɓa min jirgi."

Haka aka lalube ni, ni mai zargin mutane. Da na gama ɗaurawa, dattijon ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya gyara zama, ya ce kowa ya matsa za a tashi. Ɗansa ya juya baya yana goge ido. Tausayi ya kama ni ƙwarai.

Sai na ga inuwa ta miƙe, la'asar ta yi. Na fita a guje na hau dutse neman sabis, da ƙyar na samu abokina, har ya sa takalmi zai tafi wurin 'yan sintiri. Ya ce me na gani? Na ce kayan injin ban-ruwa ne. Ya ce, "To."

Bai yarda ba. Daga ranar ya daina zama a zaurena, wasu ma suka bi sahunsa, in na wuce sai hira ta tsaya. Ya yi min ciwo sosai, don kalma biyu za su wanke ni, amma sirrin ba nawa ba ne. Sai bayan rasuwar dattijon ɗansa ya ce in faɗa in ina so.

Yanzu in na ga mutum yana ɓoye-ɓoye ba na saurin yanke masa hukunci, na ɗanɗana zaman wanda ake kallo da gefen ido. Ranar da na ba abokina labarin gaskiya kuwa, sai ya ce, "Jirgi a ɗaka? Kai dai faɗi wata."