Ranar da Iya Ta Zaɓi Ruma

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Laraba, a kakar gyaɗa ta shekara ta uku bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Na san lokacin daidai domin Baffa Audu, ƙanen mahaifina, yana da agogon hannu da ya zo da shi daga soja, kuma ba ya fara magana sai ya duba shi ya sanar wa jama'a. Mu shida ne a gindin tsamiyar da ke cikin dangar bayan gidanmu a Zakka, kowa da tulin gyaɗa a gabansa yana tsinka. Akwai Baba, mahaifina. Akwai Inna, mahaifiyata. Akwai Baffa Audu, ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ta dawo daga yaƙi ba ta lanƙwasuwa. Sai ƙanwata Ladi, sai ni, sai Iya, kakarmu wadda ta haifi Baba da Baffa. Ita ta zauna can gefe a kan tabarmarta, ta ba Baba baya kamar yadda ta saba.

Dole in bayyana wannan ba da baya kafin in ci gaba, domin yaran yanzu za su ɗauka gaba ce. Ba gaba ba ce. Baba shi ne ɗan farin Iya, kuma a al'adarmu ta wancan zamani uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma haka yake yi mata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun yi hira ba, alhali zana ɗaya ce tsakanin ɗakinta da nasa. Idan jinkar ɗakinta na yoyo, ni take kira ta ce, "Maigida, je ka ce wa mutumin can ruwa ya cinye mani tabarma." Maigida take ce mini domin sunan marigayi mijinta aka sa mini, shi ma ba ta faɗarsa. Amma aiken yana da iyaka. Abin gida ake aike a kansa: hatsi, jinka, akuyar da ta tsinke. Abin da ranta yake so don kanta kuwa, ko ta bakin jika ba za ta roƙi ɗan fari ba.

A lokacin ina aji biyu a elemantare ta Safana, ina zaune gidan wani ɗan'uwan Inna, na zo gida hutu. Aikin gyaɗa tsari gare shi, kuma Baba ba ya yarda a tsallake mataki. Da farko a tuge ta a kife a gona ta sha rana. Daga nan a kwaso ta gida a tsinke. Sannan a ɗaure harawa a ɗora bisa rumfa domin dabbobi su ci da rani. Sai ɓara, sai buhu. Tsinka ce ta fi cin rai, domin yatsu su yi zafi, baya ya ƙage, ga shi muna jiyo tsaranmu a dandali suna langa, wasu na jan motar kara da muka ƙera tare. Saboda haka Baffa yakan ƙirƙiro hira don kada mu gudu.

Ran nan ya duba agogo ya ce, "To, jama'a, ga tambaya. A ce Allah ya buɗe. Babu zancen guzuri, babu zancen nisa, babu ɗan doka mai tare hanya. Ina za ka?" Ya kafa sharuɗɗa uku, kuma har yau ina ganin sharuɗɗan masu kyau ne. Na ɗaya, Makka da Madina ba su ciki, domin kowa can zai ce, hira ta mutu. Na biyu, a fara daga ƙarami zuwa babba. Na uku, kowa ya faɗi dalili.

Ladi ta ce Gwanja, domin ta ji an ce goro yana zuba ƙasa a can kamar kanya, babu mai tsinta. Ni na ce Ikko. Malaminmu ya taɓa nuna mana taswira, ya ɗora sanda a kan wani shuɗi ya ce wannan duk ruwa ne, ba shi da tsallake. Ina so in hau jirgin ƙasa in je in tsaya a bakinsa, in ɗanɗana da harshena ko da gaske gishiri ne. Inna ta ce Bida, ta ga inda ake ƙera tasoshin tagulla da mundaye, ta zaɓa da hannunta ba dillaliya ta zaɓa mata ba. Baffa ya ce shi Indiya zai koma, amma da babbar riga ba da kaki ba, ya zauna a inuwa ya kalli giwa na ɗaukar gungume ba tare da wani na nemansa da bindiga ba. Baba bai ɗaga kai daga aikinsa ba, ya ce Kano, ya ga dalar gyaɗa da ake faɗi, ya san ko buhunsa a ƙasa ake dannewa ko a sama ake ɗorawa. Muka yi dariya. Aka zo kan Iya.

Ta ce, "Ruma."

Ladi ta faɗi ƙasa don dariya. Baffa ya tafa hannu ya ce, "Haba Iya! An ba ki duniya gaba ɗaya kyauta, ki tsallake Masar, ki tsallake Istambul, ki ce Ruma? Ruman nan ta bayan Batsari?"

Shi ba ɗan fari ba ne, don haka ba ta kunyarsa. Ta ce, "Kai da ka tsallake teku, me ka kawo mana ban da agogo da ɗingishi? Ka ce a faɗi dalili, to ga shi. Asabe na can kwance tun farkon damina. Mai gishiri ya faɗa mani. Mu biyu muka rage."

Dariya ta ɗauke. Asabe ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Ruma nan ne mahaifarsu. Lokacin da kakana yana da rai yakan kai Iya gida in an gama kaka. Da ya rasu, gwiwoyinta suka fara ciwo, tafiyar ƙafa ta gagare ta. Hanyar kuma tana bin gefen daji, ba a barin tsohuwa da yaro su bi ta su kaɗai. Baffa ba ya iya doguwar tafiya. Mutum ɗaya ne a gidan mai ƙafa da jaki, shi ne kuma wanda bakinta ba zai iya roƙo ba. Watanni tana riƙe da labarin a cikinta. Da ba a ce wasa ake yi ba, da haka za ta riƙe shi har a aiko da rasuwa.

Baba ya ci gaba da tsinka. Ya ƙarasa tulinsa, ya kakkaɓe riga, ya tafi alwala. Washegari bai tayar da zancen Ruma ba, haka jibi. Lokaci kuwa ƙanƙane ne, domin tsakanin gama gyaɗa da fara girbin dawa 'yan kwanaki ne, in dawa ta nuna babu mai motsawa daga gona. Kuma waɗannan 'yan kwanakin Baba ya riga ya yi mini alkawarinsu: zai kai ni Katsina in ga birni. Iya ta ci gaba da kaɗin audugarta kamar ba ta ce komai ba, amma na lura duk sanda jaki ya yi kuka sai mazarinta ya tsaya.

Wata safiya na ga Baba a zaure yana ɗinke akumarin jaki, yana ƙara masa tsumma don ya yi laushi. Ya ce, "Zo nan. Katsina ba ta gudu, ka ji ko? Je ka ce wa tsohuwa gobe jaki zai bi ta Batsari, kuma ba shi da kaya. In akwai mai saƙo zuwa Ruma." Na je na faɗa mata, raina a ɓace saboda Katsina. Ta ajiye mazari, ta ce, "Ka ce mashi akwai. Kai kuma saki fuska, mijin banza, da kai za a tafi. Wa zai riƙa kai mana magana?"

Mun tashi bayan sallar asuba. Inna ta ɗaure mana guzurin fura da ƙuli-ƙuli, da tsarabar daddawa da kuka. Tsarin tafiyar shi ne: Baba a gaba riƙe da igiya, ba ya waiwaye, Iya bisa jaki, ta ja mayafi har goshi, ni a tsakiya da gorar ruwa. Taku uku ne tsakaninsu, amma kowace magana sai ta bi ta kaina. Baba ya ce, "Tambaye ta ko a tsaya." In juya in tambaya. Ta ce, "Ka ce mashi in jakin bai gaji ba, ni me na yi da zan gaji?" In juya in faɗa, ko da yake ya riga ya ji. Muka wuce Safana da hantsi, muka yi ta ratsa gonakin dawa da ta sunkuyar da kai, Fulani na kora shanu cikin karan gero da aka girbe. Muka kwana Batsari gidan wani mahauci abokin Baba, da sassafe muka kama hanyar Ruma.

Rana ta ɗaga muka iso wani rafi mai zurfin gaɓa. Ruwan bai wuce gwiwa ba, amma ƙasansa laka ce. Jaki ya sa ƙafa ɗaya, ya ji ta nutse, ya ja baya ya kafe. Baba ya ja, na tura, ya ƙi. Aka sauke Iya ta zauna bisa wani dutse, Baba ya tsallakar da jakin da ƙyar, ya ɗaure shi, ya dawo. Muka tsaya. Babu kowa a hanya da za a ce ya taimaka. Gwiwoyinta ba za su iya laka ba, ni ban kai in ɗauke ta ba, ga duwatsun Ruma muna hango su. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba tun yana yaro, yaya zai taɓa jikinta? Na ga Iya ta fara gyara ƙullinta kamar mai shirin komawa.

Sai Baba ya matso, ya juya mata baya, ya durƙusa. Bai aike ni ba. Iya ta rufe fuskarta duka da mayafi. Sannan ta ce, "Maigida, ka ce mashi a nan rafin na ratsa da shi goye, ranar da na gama wankan jego za a maida ni ɗakina. Ruwan ya fi haka yawa." A ranar na fara sanin cewa a Ruma aka haifi Baba, domin haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa yi. Ban isar da saƙon ba, babu bukata. Ta miƙa hannu ta riƙe kafaɗunsa, ya miƙe da ita, ya shiga ruwan a hankali yana taka laka da dabara. Da ya sauke ta a ƙetare, kowa ya kalli wani gefe. Ita ce ta fara magana, da ni: "Me kake kallo? Kawo gora."

Mun tarar da Asabe da rai. Ta rame, idanunta sun yi hazo, amma da Iya ta yi sallama daga ƙofar ɗaki sai ta ɗaga kai ta ce, "Yaya? Ke ce ko mafarki?" Suka riƙe hannun juna suna kuka suna zagin juna, wannan ta ce waccan ta tsufa, waccan ta ce ai gara ita tana gani. Da Baba ya durƙusa gaisuwa, Asabe ta lalubi kansa ta kira sunansa da ƙarfi, "Lawal! Kai ka kawo mani ita? Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu ɗaukar ka." Iya ta juya fuska ga bango, amma na ji ta ce amin, ƙasa-ƙasa. Muka bar Iya can, muka dawo girbin dawa. Da rafin ya ƙafe, bayan rasuwar Asabe, Baba ya koma ya ɗauko Iya. Asabe ba ta ga wata damina ba, amma ta ƙarasa kwanakinta yayarta na dama mata kunu.

Na gode wa Allah da ya sa ina wurin. Na gode wa Baffa da hirarsa, na gode wa Baba da ya ji abin da ba a faɗa masa ba. Yau mota tana cinye wannan tafiya kafin fura ta yi tsami, kuma uwa tana kiran ɗan farinta a waya ta ambaci sunansa ba wanda zai ce ta yi laifi. Amma hanyar Ruma da muka bi da jaki ɗaya da sanda, yanzu mai mota ma sai ya yi tambaya kafin ya shige ta, saboda ɓarayin daji. Kuma tsofaffi har yanzu suna haɗiye abin da suke so, don kada a ce sun ɗora wa 'ya'yansu nauyi. Kunya ta sauya kama ne kawai, ba ta tafi ba.

Saboda haka ina da roƙo guda gare ka, mai karatu. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku mai ɗan'uwa a wani gari, kada ka jira su roƙe ka, domin ba za su roƙa ba. Ka je yau ka ce ka shirya, ka sa rana, ka kai su tun ana iya gane juna.